Labarin Kaka da Tarihin Gida a Ƙasar Jega, Aliero da Maiyama

Tarihin ƙasar Gwandu wanda ya ke a rubuce tarihin sarakuna ne da malamai da yaƙe-yaƙe. Wanda ya karanta Infaƙul Maisuri da Muhammadu Bello ya rubuta a 1812, ko Tazyinul Waraƙati da Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta a 1813, zai san cewa an ci Birnin Kabi a 1805, zai kuma san sunayen jarumawan da suka ci shi. Amma ba zai san wanda ya sari dajin da ya zama gonakin Maiyama ba, ko wanda ya fara haƙa rijiya a wata unguwa ta Aliero, ko dalilin da ya sa wani gida a Jega ba ya neman aure a wani gida. Wannan sashe na tarihi yana bakin tsofaffi, daga kaka zuwa jika. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna abin da labarin gida ya ke riƙe da shi wanda littafi ya saki, da hanyoyin da ya kan karkace, da yadda sanin harshe ya kan taimaki mai bincike ya gane karkatar.

Ƙasar da mutanenta

Jega tana bakin Gulbin Zamfara, wanda a ke kira Gulbin Gindi a wannan yanki. Aliero tana arewa maso gabas da ita, bisa hanyar Tambuwal da Sakkwato, Maiyama kuwa tana kudu, bisa hanyar Koko da Yawuri. Duka ukun suna cikin masarautar Gwandu, kuma tun 1991 suna cikin Jihar Kebbi. Mazaunansu ba iri ɗaya ba ne. Akwai Kabawa, waɗanda su ke danganta kansu da daular Kanta ta ƙarni na 16. Akwai Gimbanawa, da Fulani, da Zamfarawa, da Gobirawa, da Arawa, da Zabarmawa. Akwai kuma zuriyar fatake da zuriyar bayi waɗanda kasuwar Jega ta tara. A yau dukansu Hausa su ke yi, addininsu ɗaya, noman gero da dawa da shinkafa da albasa su ke yi tare. Abin da ya rage mai bambanta gida da gida shi ne labarin inda kaka ya fito.

Gimbana da asalin Jega

Misalin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne na Gimbanawa, gama a nan ne a ke da rubutu da baki duka biyu, har a iya gwada su.

Malam Abdussalami Ba'are ne, yana cikin manyan almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo waɗanda ba Fulani ba. Sa'ad da zama a ƙasar Gobir ya yi wa jama'arsa tsanani, sai ya ƙaura da su zuwa Gimbana, a kwarin Gulbin Zamfara. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta fāɗa wa garin, ta kama mutane. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Degel, sai jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan ne ya kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, daga nan kuma jihadi ya tashi. Watau ke nan masifar da ta sami Gimbana tana cikin tushen daular Sakkwato kanta.

Bayan an ci nasara aka raba ƙasa, Abdussalami ya sami Sabiyal, wadda a yau ta ke cikin ƙaramar hukumar Aliero. Bai ga rabon ya yi daidai da wahalar da ya sha ba. Daga baya aka mai da shi Kware, kusa da Sakkwato. Da Shehu ya rasu a 1817 sai saɓani tsakaninsa da Muhammadu Bello ya fito fili, aka yi ta musayar wasiƙu, har aka kai ga yaƙi. An ci Kware a farkon 1818, Abdussalami ya tsere da rauni, ya rasu a Bakura. Sauran mutanensa suka tattaru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka yi tsayayya da Abdullahi, sai da Bello ya kawo gudunmawa aka ci garin. Bayan wannan ne aka yi sulhu, aka bar ɗansa Buhari ya zauna da jama'ar ubansa a Jega, wajen 1820 ko jim kaɗan bayanta.

To, kusan duk abin da a ke da shi a rubuce game da wannan rikici daga alƙalamin Bello ya fito, a cikin littafinsa Sardul Kalami. Bello ya yi adalci gwargwado, gama ya kawo wasiƙun abokin husumarsa a ciki. Amma duk da haka shi ne ya zaɓi abin da zai shiga, shi ne kuma ya yi hukunci. A littafi, Abdussalami mai tawaye ne. A Jega kuwa kaka ne. Abin lura shi ne sunan da zuriyar jama'arsa suka riƙe. Ba su kira kansu da sunan Kware inda aka ci su ba, ko Kalambaina, ko ma Jega inda suka sami zaman lafiya da arziki. Gimbanawa su ke, watau mutanen garin da aka zalunta saboda addini tun kafin hijira. Kalma ɗaya ce, amma hujja ce cikakkiya wadda a ke gadonta fiye da shekara 200: cewa su ma suna da rabo a jihadi tun ranar farko. Mai tarihin da ya tsaya ga littafi kaɗai zai wuce wannan shaida bai gan ta ba.

Kasuwa da gidajen baƙi

A cikin ƙarni na 19 Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin yammacin daular. Ayarin goro da ya fito Gwanja ya kan yada zango a nan, gishirin Fogha ya kan sauka a nan, haka nan tufafi da kanwa da dawaki da bayi. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 bisa fataucin goro, ya nuna matsayin Jega a wannan hanya, da na fatake irin su Kambarin Barebari, waɗanda Gummi ta ke cibiyarsu. Fatauci kuwa ya kan bar mutane a baya. Wani ciwo ya tsai da shi, wani aure, wani jakunansa suka mutu, wani mai masauki ya ba shi gona. Saboda haka a irin wannan gari a kan sami gidajen da labarinsu ya ke farawa da ayari.

Irin wannan labari yana da amfani wajen gane lokacin da hanya ta ke raye da lokacin da ta mutu. Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, ta fara raguwa bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya watsa ta a 1892. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 sai goro ya koma biyowa ta Ikko. Gidan da ya ce kakansa madugu ne mai zuwa Gwanja da jakuna, lalle yana magana ne bisa zamanin da ya gabaci wannan sauyi, ko da mai ba da labarin bai san shekara ko ɗaya ba.

Inda labarin ya ke ɓoye

Kuskure ne a ɗauka cewa tarihin gida sai an zauna an ce za a ba da shi. Galibinsa a warwatse ya ke cikin abubuwan yau da kullum.

Na farko, suna. Jikan da aka sa wa sunan kakansa ba a kiransa da sunan a gida saboda kunya, sai a ce Baba ko Abba ko Magaji. Wanda ya bi waɗannan laƙabobi zai iya gano sunan kakan da aka daina ambata. Haka nan Tanko yana nuna mata ne suka gabace shi, Kande kuwa maza. Nomau da Marka suna nuna lokacin haihuwa. Abarshi da Ajuji suna nuna uwar da ta yi ta binne 'ya'ya.

Na biyu, sunan wuri. A ƙasar Aliero akwai Jiga Birni da Jiga Maƙera, a ƙasar Jega akwai Birnin Malam. Kowane ɗayansu tambaya ce da ta ke jiran amsa: waɗanne maƙera, daga ina, wane malami?

Na uku, sana'ar gado. Aliero ta yi suna wajen ɗori, har a kan kawo masu karaya daga nesa. Sana'ar kuwa a cikin gidaje ta ke, ɗa ya koya wurin uba. Gidan da ya gāji sana'a ya fi gidan manomi riƙe jerin kakanninsa, gama jerin shi ne shaidar iyawarsa a idon mai neman magani. Haka abin ya ke ga maƙera da wanzamai da masunta da limamai.

Na huɗu, tsagar fuska da wasan barkwanci. Tsaga tana gushewa, amma tana nan a fuskokin tsofaffi, kuma wani lokaci ta kan saɓa wa abin da baki ya faɗa. Wasa tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, ya kan tona asalin da mutum bai ambata ba: a dubi wanda ya ke yi wa tsiya a kasuwa ba a yi fushi ba.

Na biyar, iyakar gona. Babu abin da manomi ya ke kiyayewa kamar wanda ya sari gona, da wanda aka ba aro, da wanda aka ba jingina. Wannan sashe ba na nishaɗi ba ne. A gaban alƙali, sa'ad da babu takarda, shaidar tsoho ce ta ke raba gardama, fadamar albasa kuwa a yau dukiya ce. Ranar da tsohon ya rasu ba a ji daga bakinsa ba, wani gida ya kan rasa gonarsa.

A ƙarshe, mata. Maza su kan riƙe layin uba da sarauta. Tsofaffin mata su ne su ke riƙe aure da saki da goyo, da wanda ya sha nonon wa, da wadda aka kawo daga wani gari. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya isa shaida bisa yawan abin da mace ɗaya ta kan riƙe.

Hanyoyin da labari ya kan karkace

Tun da Jan Vansina ya fitar da littafinsa bisa labarin baka a 1961, masana sun yarda cewa shaida ce ta tarihi, da sharaɗin a san cututtukanta. Guda huɗu sun fi damun wannan yanki.

Ta farko ita ce taƙaita jeri. Daga 1804 zuwa yau an haura shekara 220. In aka ƙiyasta shekara 30 tsakanin uba da ɗa, to, wajen mutum bakwai ke nan. Wanda ya lissafa sunaye huɗu ya ce na huɗun ya ga faɗuwar Gimbana, ba ƙarya ya yi ba. Sunayen tsakiya ne suka zube. A kan tuna wanda ya kafa gida, da waɗanda aka gani da ido, a mance da na tsakani. Sai dai a yi hattara da ƙiyasin, gama a gidan mai mata da yawa tsoho ya kan haifi auta yana da shekara 70.

Ta biyu ita ce jan kowane labari zuwa jihadi. Zamanin Shehu shi ne madubin daraja, saboda haka ƙaurar da yunwa ta jawo, ko rikicin gado, ko gudun haraji, ta kan rikiɗa ta zama hijira. Alhali kuwa ƙasar nan ta sha wani dogon yaƙi wanda ya fi jihadi tayar da ƙauyuka, watau yaƙin Gwandu da Kabawan Argungu. Ya tashi a 1849 da Yakubu Nabame, aka sami hutu da Lafiyar Toga daga 1867 zuwa 1875, sa'an nan ya ci gaba har zuwan Turawa. In tsoho ya ce kakansa ya gudo ya shiga gari mai ganuwa a lokacin yaƙi, wajibi ne a tambaya: wane yaƙi?

Ta uku ita ce shiru. Ingilishi sun yi doka cewa duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, aka kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936. Zuriyar waɗanda aka saya a kasuwar Jega suna nan, amma da wuya wani gida ya fara labarinsa da haka. Sai a ji an ce kaka baƙo ne, ko yaron sarki ne, ko a ce daga kudu ya zo, a yi shiru. Wannan shiru shi ma shaida ne, amma ba hakkin mai bincike ba ne ya fasa shi a bainar jama'a. Aure ya kan mutu a kan abin da bai kai wannan ba.

Ta huɗu ita ce komawar littafi cikin baki. Tun da aka buga Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930, sa'an nan Tarihin Fulani na Waziri Junaidu, sa'an nan rediyo, abin da aka karanta a makaranta ya shiga zaure. Tsoho ya kan faɗi abin da ɗansa ya karanta masa, yana ganin daga kakansa ya ji. In labarin baka ya yi daidai da littafi ƙwarai da gaske, har da jerin shekaru, wannan dalilin shakka ne, ba na murna ba.

Abin da harshe ya ke koyarwa

Da yawa daga cikin kurakuran masu tattara labari ba na tarihi ba ne, na harshe ne. Kalmar kaka a Hausa ba ta tsaya ga mahaifin uba ba, ta haɗa duk wanda ya gabata. Baba ya kan zama uba, ya kan zama wan uba ko ƙanensa. Ɗa ya kan zama ɗan cikin mutum, ko ɗan ɗan'uwansa, ko agola, ko almajiri, ko bara. Sarauta kuma a nan ta kan bi wa da ƙane kafin ta sauko ga 'ya'ya, saboda haka jerin masu sarauta ba jerin uba da ɗa ba ne. In aka ce wane ya fito daga wuri kaza, sau da yawa zangon ƙarshe a ke nufi, ba asali ba.

Sunaye ma su kan ruɗa. Buhari biyu ne a wannan yanki a zamani ɗaya: Buhari ɗan Abdussalami na Jega, da Buhari ɗan Shehu na Tambuwal, garuruwan kuwa bisa hanya ɗaya su ke. Sarkin Kabi kuma aƙalla uku ne: na Argungu, da na Yabo, da na Jega. Wanda ya ce kakansa ya bauta wa Sarkin Kabi, bai riga ya faɗi ɓangaren da ya yi wa yaƙi ba.

Sa'an nan ga karin harshe. Mutanen nan Hausar yamma su ke yi. Su kan ce munka da sunka da anka, su ce shina a maimakon yana, su ce yaz zaka inda Bakano zai ce ya zo, su ce ɗiya suna nufin 'ya'ya maza da mata. Ɗalibin da ya mai da wannan duka zuwa daidaitacciyar Hausa tun a zaure ya ɓata shaida. In ya ji ɗiyan wane ya ɗauka 'yarsa ɗaya a ke nufi, ya shafe zuriya guda. Haka nan in ya ji dimajo ya rubuta bawa, ya haɗa wanda aka haifa a gida da wanda aka saya, alhali matsayinsu dabam ne. Kuma tsohuwar kalma ko baƙon lafazi da ya maƙale cikin kirarin gida ya kan nuna inda gidan ya fito fiye da yadda mai kirarin ya sani.

Akwai kuma wani sabon abu da makarantar boko ta kawo, watau ɗaukar sunan gari a matsayin sunan mahaifi. Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015, da Adamu Aliero, gwamnan Kebbi daga 1999 zuwa 2007, sun sa an san garuruwan nan ko'ina a Nijeriya. Amma ga mai bin asali, rajistar da ta cika da Jega da Aliero da Maiyama ba ta faɗin gidan kowa.

Turakun ɗaure shekaru

Mutumin ƙauye ba ya ƙidayar shekara da lamba, da abin da ya auku ya ke yi. Aikin mai bincike shi ne ya tanadi turakun da aka tabbatar da shekarunsu, ya ɗaure labari a jikinsu. Ga kaɗan: annobar shanu ta wajen 1890, cin Sakkwato a watan Maris na 1903, yaƙin Satiru a 1906, shekarar da sarautar Gwandu ta koma Birnin Kebbi, babbar yunwar 1913 zuwa 1914, wadda wasu su ke kira Kakalaba, murar da ta kashe mutane a 1918, farar da ta cinye amfanin gona wajen 1930, da farin 1973. Sunan yunwa ya kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka tattara sunayen da mutanen Jega da Aliero da Maiyama su ke ba kowace yunwa aiki ne mai zaman kansa. Bayan wannan sai a gwada da rahotannin kimanta haraji da jami'an mulkin Ingilishi suka rubuta gunduma gunduma, waɗanda su ke ajiye a ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna, a tuna kuwa cewa su ma daga bakin hakimai aka ɗauko su, ta hannun tafinta.

Abin da ya rage ga malamai

Babu wanda ya fi malamin kwalejin horon malamai damar yin wannan aiki, gama ɗalibansa 'ya'yan gidajen ne, ba a ɓoye musu abin da a ke ɓoye wa baƙo. Abin da a ke bukata kaɗan ne. Kowane ɗalibi ya zauna da tsoho ɗaya da tsohuwa ɗaya na gidansu, kowa dabam. Ya ɗauki maganar, ya rubuta ta yadda aka faɗe ta. Ya tambayi daga wa aka ji. Ya koma bayan wata guda ya sake tambaya. Inda ruwaya biyu suka saɓa, kada ya zaɓi ɗaya ya yar da ɗaya, ya ajiye su duka. Abin da aka ba shi amana kuwa ya bar shi amana.

Tsohon da ya ke da shekara 80 a yau an haife shi a shekarun 1940. Kakansa, wanda ya ɗora shi a cinya, ya ga zuwan Turawa, ya kuma ji labarin yaƙin Kabi daga waɗanda suka yi shi. Tsakanin ɗalibin yau da ganuwar da aka rufe ƙofarta saboda mahayan Argungu, baki biyu ne ko uku kaɗai. Bayan wannan tsara, sai dai a ce an ce.